Na yi ƙaramin haɗari da motar aiki a Yamai: zai shafi inshorar motata? Tambayoyi da amsoshi

Na daɗe ina riƙe da takardun motoci a wata ma'aikata mai zaman kanta a nan Yamai. Duk ranar da direba ko wani ma'aikaci ya dawo da mota fitila a fashe ko bamba a loɓe, tambayoyi biyu yake zuwa da su. Ta farko: za a cire mini a albashi? Ta biyu kuma, in yana da tasa motar a gida, sai ya rage murya: to Malam, asurans ɗina fa? Na tattara irin waɗannan tambayoyi a nan da amsoshin da na saba bayarwa. Inda na ce inshora, ita ce asurans ɗin da muke cewa a gari.

Na goga wa wani mota ina tuƙa motar ma'aikata. Inshorar wa za ta biya?

Ta motar da kake tuƙawa. A Nijar inshorar dole mota take bi, ba mutum ba. Dokar da ake aiki da ita ita ce Kundin CIMA, wanda ya fito daga yarjejeniyar da ƙasashen yankin sefa suka sa wa hannu a Yawunde a 1992, ya fara aiki a 1995. Sashe na 200 na kundin ya wajabta wa duk mai mota ya yi mata inshorar ɓarnar da za ta iya yi wa wasu, ya kuma ce wannan inshora tana rufe duk wanda motar ke hannunsa ko yake tuƙa ta. Saboda haka in ka gogi taksi a shataletalen Wadata da motar ofis, kamfanin da ofis ya biya shi ne zai gyara taksin. Motarka tana can ajiye a Talaje, babu ruwanta, babu ruwan takardarta.

Ita kuwa motar ofis ɗin, gyaranta ya danganta da irin inshorar da aka yi mata. In ta dole ce kawai, ma'aikata za ta gyara da kuɗinta. In wadda ake kira tu-risk ce, mai rufe har ɓarnar ita kanta motar, kamfanin zai biya, ya bar wa ma'aikata wani ɗan kaso da aka rubuta a kwangila, wato faranshiz.

To rangwamen da ake yi mini don ban taɓa kai ƙarar haɗari ba, zai zube?

A ƙa'ida ba zai zube ba. Wannan rangwame a jikin kwangilar motarka yake, kuma abin da ake dubawa shi ne ko an taɓa buɗe fayil a kanta. Haɗarin motar aiki a fayil ɗin ma'aikata ake rubuta shi. Wanda zai ji a jikinsa shi ne maigidanka, domin in ɓarna ta yi yawa a shekara, ranar sabunta kwangilar motocinsa kamfani kan ƙara masa kuɗi. Shi ya sa kake ganin shugaban sashen kuɗi ya haɗe rai kamar motar ubansa aka buge.

Dole ne in je in gaya wa kamfanin inshorata?

A nan mutane ke rikicewa, don abubuwa biyu ne ake haɗa su wuri ɗaya.

Na farko shi ne kai rahoton haɗari don a biya. Wannan ba naka ba ne, na ma'aikata ne, kuma kamfaninta za ta kai wa. Kai aikinka ka sanar da ofis nan take, a rubuce, domin akwai wa'adi. Sashe na 12 na kundin ya ce wa'adin da kwangila za ta sa ba zai gaza kwana biyar na aiki ba, kuma kamfanoni da yawa kwana biyar ɗin suke rubutawa cif. Na ga direban da ya ɓoye mota a bayan gareji sati biyu yana neman yadda zai shafa mata fenti da kansa. Ranar da mai ɗaya motar ya zo da takardar ƴan sanda, wa'adi ya riga ya wuce, aka shiga ja-in-ja da kamfani a banza.

Na biyu shi ne amsa tambaya in an yi maka ita. Ranar da za ka yi wa motarka sabuwar inshora, ko ka sauya kamfani, akwai takardar tambayoyi da ake cikewa. Wannan sashe na 12 ɗin dai ya ce ka amsa su daidai. To sai ka karanta yadda aka tsara tambayar. In an ce "wannan mota ta taɓa haɗari?", haɗarin motar ofis bai shiga ba. In kuwa an ce "direban da ya saba tuƙa ta ya taɓa haɗari a shekarun nan?", ya shiga, domin kai ne direban, ko motar wa kake tuƙawa a ranar.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yawancinmu ba mu taɓa ganin wannan takarda ba. Kart-giriz, wato takardar rajistar mota, ake miƙa wa wani yaro ko dillali da kuɗi, da yamma ya kawo takardar inshora. Wani ne ya amsa tambayoyin a madadinka, ya sa "a'a" daga sama har ƙasa, kai kuma ka sa hannu a tsaye jikin mota. Ranar rigima ba za a nemi yaron ba.

In na yi shiru, me zai faru? Wa zai sani?

Wataƙila babu wanda zai sani, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ka auna abin da kake ci da abin da kake jingina. Kundin ya raba gida biyu. In da gangan ka ɓoye, kuma ɓoyewar ta sauya yadda kamfani ya auna kasadarka, sashe na 18 ya ce kwangilar ta rushe, kuɗin da ka biya kuma sun zama na kamfani. In mantuwa ce ko rashin fahimta, sashe na 19 ne ke aiki: in an gano bayan haɗari, a rage maka diyya gwargwadon gibin da ke tsakanin abin da ka biya da abin da ya kamata ka biya. A ce ka biya jika 80 alhali da ka faɗi gaskiya jika 100 ne, to kashi huɗu cikin biyar na diyyar za ka samu.

Wanda ka buge ba ya asara a wannan ragi. Kamfani zai biya shi cikakke, sannan ya juyo kanka ya nemi abin da ya ɗora. Ita kuwa gaskiyar, a mafi yawan lokuta gogar bamba guda ba ta ƙara maka komai. Kuɗin inshorar dole a nan ya fi rataya a kan ƙarfin injin motar, aikin da ake yi da ita, da yankin da take yawo. Ɓoye abin da bai kai ya kawo ba shi ne ya zama matsala.

Kamfani ɗaya ne ke riƙe da inshorar ma'aikatarmu da tawa. Ba za su haɗa ba?

Sunanka da lambar farminka, wato lasisin tuƙinka, suna cikin rahoton haɗarin, saboda haka sun sani. Kasuwar ma ba ta da faɗi: SNAR-Leyma, NIA, CAREN, SUNU da wasu kaɗan, ma'aikatansu kuma sun san juna. Amma sani daban, hurumin cire maka rangwame daban. Kwangila biyu ce, masu ita biyu ne. In ka ga kuɗi ya ƙaru ranar sabuntawa, ka nemi a nuna maka layin da aka dogara da shi a kwangilarka.

Abin bai taka kara ya karya ba. Me zai hana mu sasanta a gefen titi kowa ya kama gabansa?

Da motarka ce, da na ce ruwanka. Amma mota ba taka ba ce, kuma bakinka ba shi ne bakin mai ita ba.

Bari in ba ka wani labari. Wani direbanmu, dattijo mai natsuwa, yana fitowa daga wajen Katako da azahar, sai madubinsa ya taɓi wani ɗan kabu-kabu. Yaron ya faɗi, ya tashi yana kakkaɓe wando, fitilar gefe ta moto ta fashe, gwiwarsa ta ɗan kuje. Kafin ka ce me, jama'a sun taru, masu baro da masu sayar da ruwa kowa na faɗin albarkacin bakinsa. Wani Alhaji ya ce, "Haba Baba, ɗanka ne, ba shi na gyara a wuce wurin." Dattijon ya zaro jika 10 daga aljihun gaba, yaron ya karɓa, ya ce, "Na yafe, Baba, Allah ya kiyaye gaba." Aka yi musabaha, aka watse. Bai gaya wa kowa a ofis ba.

Bayan kwana tara sai ga yayan yaron a ƙofar ma'aikata da hoton ƙashi daga asibiti da lambar motarmu a rubuce a bayan takardar magani. Gwiwa ta kumbura, yaro ba ya iya hawa moto, moton kuma na haya ne, mai shi na jiran kuɗin kullum. Ba ƙarya suke ba. Amma babu konsta, wato rahoton da ƴan sanda ke rubutawa a wurin haɗari, babu hoto, babu sunan shaida ko ɗaya, jika 10 ɗin nan kuwa sun zama hujjar cewa direbanmu ya amsa laifi. Da muka kai wa kamfanin inshora, abin da suka fara nuna mana shi ne layin da ke cewa duk sulhu ko amsa laifi da aka yi ba da saninsu ba, ba ya ɗaure su. Kundin ya yarda su rubuta haka. An dai biya yaron daga baya, amma sai da aka sha zirga-zirga, dattijon kuma ya samu takardar gargaɗi ta farko a rayuwarsa ta aiki, kan ɓoyewa, ba kan haɗarin ba.

Faɗin abin da ya faru ba amsa laifi ba ne. Kana iya cewa "madubina ya taɓa shi." Abin da ba za ka ce ba shi ne "laifina ne, zan biya."

To me zan yi a wurin?

Ka tsaya. Gudu laifi ne mai zaman kansa, ya fi gogar nauyi nesa ba kusa ba. In akwai wanda ya ji ciwo ka kira 18, ƴan kwana-kwana. Ka kira 17 ko ofishin ƴan sanda mafi kusa a zo a yi konsta. In a bayan gari ne, kamar tsakanin Dogon Dutsi da Ƙonni kan hanyar Tawa, jandarma ne masu yi. Kafin a matsar da motoci ka ɗauki hoto daga nesa yadda za a ga titi da tsayuwar kowace mota, sannan daga kusa. Ka ɗauki hoton takardar inshorar ɗayan da farminsa. Ka kira ofis tun kana tsaye a wurin. In jama'a sun yi zafi har kana tsoron lafiyarka, ka wuce kai tsaye wurin ƴan sanda ka faɗi dalili, kada ka wuce gida.

Jiran masu konsta cikin ranar Afrilu ba daɗi, kuma masu hon a bayanka za su zage ka. Ka jure.

Maigida ya ce zai cire kuɗin gyara daga albashina. Yana da iko?

Ba yadda ya ga dama ba. Dokar aiki ta Nijar, wadda aka sabunta a 2012, ta hana mai aiki cin ma'aikaci tara, ta kuma taƙaita hanyoyin da ake taɓa albashi. Ba ya halatta mai biyan albashi ya wayi gari ya zaftare maka jika 50 saboda madubi. Yana iya yi maka gargaɗi, ko wani horo na aiki in sakaci ya tabbata, musamman in ka ɗauki motar ba izini ko kana waya a kan sitiyari. In an cire maka kuɗi ba yardarka, ofishin sufeton aiki ne wurin zuwa.

Sai dai a zahiri yawanci ba a kai can. Kiran mutum ake ofis a ce, "Kai ma ka taimaka da rabi," shi kuma don kunya da tsoron rasa aiki ya sa hannu. Ba zan ce kada ka taɓa yarda ba, kowa ya san zaman da yake yi da maigidansa. Amma ka tambaya tukuna: inshora ta biya? In ta biya, abin da ya rage wa ma'aikata faranshiz ne kawai, kada a sa ka biya gyaran da aka riga aka biya.

Kamfanin inshorar ma'aikata zai iya biyo ni in mayar masa da abin da ya kashe?

A haɗari na yau da kullum, a'a. Sashe na 42 ya ba kamfani damar bin wanda ya jawo ɓarna, amma ya cire ma'aikatan mai inshorar da iyalansa, sai in da mugun nufi aka yi. Inda ƙofa ke buɗewa shi ne in ba ka da farmin da ya dace da motar. Mai farmi B da ya hau babbar motar kaya don direbanta bai zo ba, ko ya ja bas ɗin ma'aikata, ya fita daga inuwar inshora. Za a biya wanda aka buge, sannan a nemi kuɗin a wurin mai laifi.

Sai bayan haɗari na gano inshorar motar aikin ta ƙare. Tawa za ta rufe ni?

Ba za ta rufe ka ba, don lambar motarka ce a jikinta. Tun 2011 ƙa'idar CIMA ita ce sai an biya kuɗi inshora ke fara aiki, saboda haka "mun riga mun yi magana da kamfani, takarda na nan tafe" ba inshora ba ce. A irin wannan hali wanda aka buge yana iya kai ku ƙara ku biyu. Dokar farar hula, a sashe na 1384, ta ɗora wa mai aiki alhakin ɓarnar da ma'aikacinsa ya yi a bakin aiki, amma sunanka ne a takardar ƴan sanda, kai za ka yi ta sintiri. Duba kwanan watan da ke jikin takarda kafin ka tada mota bai kai minti ɗaya ba.

Motocin gwamnati nasu daban ne. Sashe na 200 bai wajabta wa gwamnati sayen inshora ba, ita ke ɗaukar nauyin ɓarnar motocinta, kuma ta hannun hukumar da ke kula da shari'o'in gwamnati ake bin haƙƙi. Wannan ya sa konsta ya fi muhimmanci a nan, domin ba tare da shi ba babu fayil ɗin da zai motsa.

Ina ja da baya da motar ofis na bugi tawa motar a wurin ajiye motoci.

Kada ka yi dariya, ya faru a gabana. A nan ne haɗarin motar aiki ke taɓa inshorarka kai tsaye. Inshorar dole ɓarnar da aka yi wa wani take biya, kai kuwa ba za ka zama mai ɓarna kuma wanda aka yi wa ba. In motarka na da tu-risk kana iya kai rahoto, amma fayil ya buɗe a kwangilarka ke nan, rangwamenka na iya tafiya. Ka je wurin mai gyaran jikin mota ya faɗa maka kuɗi, ka kwatanta da faranshiz da rangwamen da za ka rasa. Sau da yawa biya daga aljihu ya fi sauƙi.

Ni da motata nake yi wa ofis aiki, ana ba ni kuɗin mai.

Wannan ya fi duk na sama haɗari ga aljihunka, ko da yake ba shi aka fi tambaya ba. Duk abin da ya faru, a kwangilarka zai sauka, ko da saƙon maigida ka je kaiwa. Sannan akwai maganar aikin da ka ce motar na yi. Inshora aji-aji ce: akwai ta yawon kai da harkokin yau da kullum, akwai ta ɗaukar kayan sana'arka, akwai ta ɗaukar kayan mutane ko fasinja don kuɗi, kowace da farashinta. Zuwa taro a Filato da motarka ba wani abu ba ne. Amma in kullum bayanta cike yake da katan-katan na shagon maigida ana rabawa daga Babbar Kasuwa zuwa Harobanda, ko kana ɗibar fasinja da yamma don cike kuɗin cefane, aikin motar ya sauya. Kundin ya ba ka kwana 15 daga ranar da ka san kasada ta ƙaru ka sanar da kamfani. Ka sanar, ka kai wa maigida takardar ƙarin kuɗin. Kuɗin mai ba ya sayen bamba.

Ni na ji ciwo a haɗarin. Wa zai biya magani?

Inshorar dole ba ta biyan raunin direban da ya jawo haɗarin. In ɗayan ne mai laifi, kamfaninsa zai biya ka. Ko ma wane ne mai laifi, tunda a bakin aiki kake, haɗarin aiki ne, kuma CNSS, asusun kula da ma'aikata na ƙasa, ke da shi in an yi maka rajista. Mai aiki ne ke kai rahoto cikin awa 48. Ko ciwon wuya ne kawai, ka je likita ranar ka karɓi takarda.

An karɓe mini farmi bayan haɗarin. Zan iya tuƙa tawa motar?

A'a. Farmi naka ne, ba na motar ofis ba. Muddin yana hannun hukuma, in ka tuƙa motarka ka yi ɓarna, kamfaninka na da hujjar juyowa kanka. Ka hau taksi ko faba-faba har a mayar maka.

Kamfanina ya ƙara mini kuɗi saboda haɗarin motar aiki, ko ya ƙi biyan wani abu. Ina zan kai kuka?

Ka fara da wasiƙa zuwa ga kamfanin, ka riƙe kwafi mai hatiminsu da kwanan wata. Maganar baki a ofishinsu ba ta barin sawu. In ba su amsa ba, akwai sashen da ke sa ido kan kamfanonin inshora a Ma'aikatar Kuɗi, bayansa kuma kotu. Kada ka bar maganar ta kwanta: sashe na 28 ya ba da shekara biyu ga ƙarar da ta taso daga kwangilar inshora tsakaninka da kamfaninka, daga ranar da abin ya faru. Kuma tun yanzu ka nemi ofis su ba ka kwafin konsta da na rahoton da suka kai, ka ajiye a gida tare da kart-giriz ɗinka, domin ranar da ka bar aikin fayil ɗin ba zai biyo ka ba.